Maiƙon Gahawa: Yadda Zaka Kula Da Shi Tun Daga Buhu Har Cikin Finjali

Mutane da yawa in suka ga ƙwayar gahawa baƙa wuluk tana sheƙi da maiƙo sai su ce ai wannan ita ce mai kyau, har wasu masu sayarwa ma da wannan sheƙin suke talla. Toh gaskiya ba haka abin yake ba. Man da kake gani a bayan ƙwaya mai ne da ya bar maɓoyarsa ya fito fili, iska na dukansa, zafi na dukansa, kuma tun daga ranar ya fara lalacewa. Aikinka gaba ɗaya, ko kai mai sha ne a gida ko mai soyawa ka sayar, shi ne ka bar man nan a cikin ƙwaya har zuwa lokacin da zaka zuba ruwan zafi, sannan a lokacin ka zaɓi nawa kake so ya shiga finjalinka.

Kafin mu shiga matakan bari mu san mene ne ma a cikin man, don in baka san shi ba duk shawarar da zan bayar zata zama kamar camfi.

Manyan ire-iren gahawa biyu ne, Arabika da Robusta. Ɗanyar ƙwayar Arabika tana ɗauke da mai wajen kashi 15 cikin 100 na nauyinta, wani lokaci har 17, ita kuwa Robusta bata cika wuce kashi 10 ba. Kusan kashi uku cikin huɗu na wannan man irin man da muka sani ne na girki, kuma manyan sinadaran da suka gina shi guda biyu ne, linoleik wanda ya kai kashi 40 da ɗoriya, da falmitik mai wajen kashi 30 da wani abu. Falmitik bashi da rigima, yana jure iska. Linoleik shi ne mai rauni, da zarar iskar oksijin ta same shi sai ta fara karya shi gunduwa-gunduwa, gutsattsarin nan su ne sinadaran da ake kira hekzanal da nonenal, kuma su ne suke ba gahawa warin tsohon kwali ko busasshen itace. Duk wanda ya taɓa cin soyayyar gyaɗa da ta kwana biyu a kwalba ba murfi ya san wannan ɗanɗanon, gardin ya tafi sai wani abu mai kama maƙogwaro, toh abu ɗaya ne ke faruwa, don ita ma gyaɗa tana da linoleik ɗin.

Ragowar man kuma, har kusan kashi 20 nasa, wasu sinadarai ne da gahawa ta keɓanta da su, kafestol da kawiyol, zamu dawo kansu wajen tacewa saboda sun shafi lafiya. Akwai ɗan bitamin E da ke kare man daga saurin lalacewa, akwai kuma wani siririn kaki a bayan ɗanyar ƙwayar wanda a Jamus wasu kamfanoni ke turara ƙwayar da tururi su rage shi su sayar a matsayin gahawa mai sauƙi ga ciki.

Shi man kansa fa ba wani ƙamshi gare shi ba. Amfaninsa shi ne riƙo. An gano sinadaran ƙamshi sama da 800 a soyayyar gahawa, da yawansu kuma a cikin mai suke narkewa ba a ruwa ba, saboda haka man ne ke riƙe su kar su gudu, shi ne kuma ke shafe harshe ya sa ka ji gahawa tana da kauri da santsi, ƙamshin ya daɗe a baki bayan ka haɗiye. Matsalar ita ce mai baya zaɓe, yadda yake kama ƙamshi mai daɗi haka yake kama warin kananzir.

Mataki na farko: saye

In ɗanya zaka saya, fara tambayar irin. Arabika ce ko Robusta? A Najeriya Arabika a tuddai masu sanyi take yi, musamman tsaunin Mambila a jihar Taraba inda cibiyar binciken koko ta ƙasa da ke Ibadan take da reshe a Kusuku, da kuma wani yanki na Filato, Robusta kuma a wurare masu ɗumi na kudu da tsakiya irin su Kogi. Ta Habasha da ake kawowa Arabika ce. Da ido zaka iya rabewa, Arabika doguwa ce kaɗan kuma tsagar tsakiyarta a karkace take, Robusta gajera ce zagayayya tsagarta a miƙe. Robusta tana da kafeyin, sinadarin nan mai hana barci, kusan ninki biyu ga ƙarancin mai da sukari, shi ya sa take da ɗaci da kaushi a baki. Ba wai bata da amfani bane, amma kar a sayar maka da ita a kuɗin Arabika. A Turai ma ana wannan algus ɗin, kuma ta cikin man ake kama masu yi, don akwai wani ɗan uwan kafestol da yake da yawa a man Robusta amma kusan babu shi a Arabika, in an auna aka gan shi da yawa an san an yi gauraye.

Sai tambaya ta biyu wadda tafi muhimmanci: ta bana ce ko ta bara? Ɗebi tafin hannu ka duba. Sabuwar da aka wanke tana da launin kore mai ɗan shuɗi-shuɗi, wadda aka shanya da ɓawonta takan ɗan yi rawaya kaɗan kuma wannan ba laifi bane, amma in ka ga ta koɗe tayi fari-fari kamar an shanya tsumma a rana, ta tsufa. Rufe ta a tafin hannunka na ɗan lokaci ta ɗau ɗumi sannan ka shinshina. Ƙamshin ɗanyar ciyawa ko ɗanyen wake, lafiya. Warin buhu, warin kwali, warin fumfuna, ajiye musu kayansu, wallahi duk gwanintarka a suya bazaka gyara man da ya riga ya karye ba. Ka ciji ɗaya kuma, ya kamata tayi tauri sosai, in haƙorinka ya lotsa ta kamar roba akwai danshi fiye da kima.

In soyayya zaka saya, nemi ranar da aka soya, ba ranar da zata lalace ba. Zuba 'yan ƙwayoyi kan farar takarda ka bar su na ɗan lokaci, in suka bar tabon maiƙo toh man yana waje.

Mataki na biyu: ajiyar ɗanya

Nan ne aka fi yin asara ba a sani ba. Danshin da ake so a ɗanyar gahawa kashi 10 zuwa 12 ne cikin 100. Ƙwayar nan iri ce mai rai, a cikinta akwai wani sinadari, enzayim, da aikinsa shi ne yanka mai, in ta bushe yana kwance, in danshi ya shiga ga ɗumi sai ya farka ya fara sakin sinadaran man ɗaya bayan ɗaya, su kuma in suka rabu da uwarsu oksijin tafi saurin cinsu. Ga fumfuna kuma da ke jiran danshin ya wuce kashi 13 ko makamancin haka.

Yanayinmu na arewa bashi da tausayi ga wannan kaya. Da bazara, Maris zuwa Mayu, zafi na haura digiri 40, kuma ƙa'idar da masana kimiyya ke amfani da ita a kan irin wannan lalacewar ita ce duk ƙarin digiri 10 saurinta na kusan ninkawa, kaga kenan buhun da zai yi shekara a sito mai sanyi a nan watanni kaɗan zai yi. Da damina buhun algarara na shan laima ya miƙa wa ƙwaya, da hunturu kuma ta bushe ƙayau ta koɗe. Wannan hawa da saukar shi yafi komai gajiyar da ita.

Abin yi: a sa ta cikin leda mai kauri wadda iska bata ratsawa, irin buhunan nan masu leda biyu a ciki da ake ajiye wake da su don ƙwari sun wadatar in sababbi ne, a matse iskar a ɗaure tam, sannan a sa cikin buhu. A ɗora kan katako kar ya taɓa siminti ko bango. A ɗakin da yafi kowanne sanyi a gidan, ba ƙarƙashin kwano kai tsaye ba. Kuma dan Allah nesa da jarkar fetur ta janareto, kananzir, daddawa, albasa, turaren wuta da sabulu.

Mataki na uku: suya

Abin mamaki, man gahawa baya ƙonewa sosai a suya. Ruwa ne ke fita da wasu sinadarai, ƙwayar ta rasa kashi 12 zuwa 20 na nauyinta, man kuma kusan yana nan yadda yake. Abin da ke canzawa shi ne gidan da yake ciki. A ɗanyar ƙwaya man yana kulle cikin ƙananan ɗakuna masu bango mai tauri, da zafi ya hau sai tururi da iskar kabon su taru su kumbura ƙwayar, a wajen digiri 196 zaka ji fashewar farko, ƙas-ƙas da ƙarfi. In ka ci gaba har wajen digiri 224 sai fashewa ta biyu ta zo, ita ƙaramar ƙara ce mai sauri, kuma a nan ne bangon ɗakunan ke tsattsagewa iskar da ke ciki ta turo man waje. Lambobin nan suna ɗan bambanta daga na'ura zuwa na'ura, don haka kunnenka da hancinka sun fi ma'aunin zafi.

Ga yadda zaka yi a gida da kasko mai kauri ko tukunyar ƙarfe. Auna ƙwayar kafin ka fara, a ce giram 500, amma in kaskon ƙarami ne raba biyu, kar ta taru a kan juna. Ɗumama kaskon a wuta matsakaiciya, ba mai ba ruwa, zuba, ka riƙa juyawa ba tsayawa, da gaske nake ba tsayawa, don ƙwayar da ta kwanta a wuri ɗaya gefenta zai ƙone man wurin ya fito alhali cikinta ɗanye ne. Zata tashi daga kore zuwa rawaya, zuwa ruwan ƙasa, ƙaiƙayi na tashi, hayaƙi na ƙaruwa, a tsakar gida ake wannan aiki ba a ɗaki ba. Ka nemi fashewar farko ta zo tsakanin minti 8 zuwa 12. In ta zo a minti 4 wutarka tayi yawa, in har minti 20 shiru wutar tayi kaɗan kuma gahawar zata fito salam ba armashi. Bayan fashewar farko ta lafa ka ƙara minti ɗaya da rabi zuwa biyu ka sauke. Juye a faifai ko tire mai faɗi nan take, ka sheƙe kana fifita har ta huce cikin minti 4 ko 5, in ka bar ta a tare zafin cikinta zai ci gaba da soya ta. Kar ka yayyafa ruwa.

Sai ka sake aunawa. In 500 ta koma wajen 425 ka rasa kashi 15, suya ce matsakaiciya, ƙwayar a bushe ba sheƙi, ni dai nan nafi so. In ta koma 400 ko ƙasa ka shiga baƙar suya, ko yau baka ga maiƙo ba gobe ko jibi zaka gan shi.

Ban ce baƙar suya haramun bace. A Habasha da Sudan ana soya ta tayi duhu sosai har tayi sheƙi, amma duba yadda suke yi, a gaban baƙo ake soyawa, a daka a turmi, a dafa a jabana, wato butar dafa gahawarsu, a sha a zaman nan. Man bai samu ko awa ɗaya da iska ba. 'Yan uwanmu Hausawan Sudan sun san wannan tsarin da cittarsa. Matsalar tana zuwa ne in aka yi irin wannan suyar aka zuba a kwalba a kanta na wata uku. Gahawar Saudiyya kuma da alhazai suka sani can ɗaya gefen take, suya ce sama-sama, ƙwayar ko ruwan ƙasa bata gama yi ba, man nata na kulle a ciki.

Mataki na huɗu: hutu da ajiyar soyayya

Sabuwar suya cike take da iskar kabon, kuma wannan iskar garkuwa ce, muddin tana fita oksijin na shan wahalar shiga. Amma in tayi yawa tana hana ruwa ratsa garin da kyau, shi ya sa suya matsakaiciya tafi daɗi bayan kwana 3 zuwa 5. Ledojin gahawa na kamfani masu ɗan maɓalli a jiki don wannan aka yi su, iska na fita amma bata shiga.

A gida nemi mazubi mai murfi da ke kamawa sosai, wanda haske baya ratsawa don haske ma na hanzarta karyewar linoleik, in kwalbar gilashi ce saka ta cikin kabad. Girman mazubin ya dace da yawan gahawar, rabin kwalba gahawa rabi iska ba ajiya bace. A zafinmu ka soya abin da zaka shanye cikin sati biyu zuwa uku, in baƙar suya ce mai maiƙo kar ta wuce kwana 10.

Maganar firiza kuma sai an yi hattara. Sanyi na tsayar da lalacewar mai sosai, wannan gaskiya ne, amma sharaɗin shi ne ta daskare ta zauna a daskare. In unguwarku ana ɗauke wuta firizar ta narke ta sake kamawa, duk narkewa raɓa ce ke kwanciya kan ƙwayar, ga warin kifi da nama da man zai zuƙe. In kana da sola ko tsayayyar wuta, kasa ta ƙananan ƙulli na kwana uku-uku, leda biyu, in ka ciro ɗaya bar shi sanyinsa ya sake gaba ɗaya kafin ka kwance, kuma baya komawa. In babu tsayayyar wuta kabad yafi. Ɓangaren firij da baya daskarar da kaya kuwa a manta da shi kawai.

Mataki na biyar: niƙa

Niƙa ƙwaya ɗaya na mayar da ita ɗaruruwan gutsattsari, kowanne da mansa a buɗe, iskar kabon ta tsere, ƙamshi ya bi ta. Niƙa abin da zaka dafa yanzu, shikenan. Kar ka kai injin markaɗe na unguwa, zafin injin da ragowar barkono da citta duk a man zasu zauna. In bilenda ce yi ta taɓa-ka-saki kar garin yayi zafi, in turmi ne a ware masa nasa.

Mataki na shida: dafawa da tacewa

Ma'auni mai sauƙi shi ne giram 60 na gari a lita ɗaya, ruwa ya tafasa a sauke ya ɗan sarara kamar rabin minti, wato digiri 90 zuwa 96. Daga nan matacinka ne zai yanke hukuncin man.

Takardar tacewa na tare kusan duk man, gahawar ta fito garau, marar nauyi, ɗan tsamin 'ya'yan itace na Arabika mai kyau ya fito sarai. Rariyar ƙarfe, ko butar matsawa irin ta Faransa da ake jiƙawa minti 4, ko dafawa kai tsaye irin na jabana da na Turkiyya, suna barin man ya wuce, zaka ga ɗan maiƙo na yawo a sama, kauri da santsi su ƙaru amma ƙananan bambance-bambancen ɗanɗano su ɗan dushe. Ƙyalle na tsakiya. Esfireso kuma, wato wadda inji ke matsa ruwan zafi ya ratsa garin da ƙarfi, matsin injin, wajen bar 9 a ma'aunin matsi, yana farfasa man ya zama ɗigo ƙanana da ido baya gani su gauraya da ruwan, daga nan kaurinsa yake. Kumfar samansa dai iskar kabon ce, kuma mai yana kashe kumfa, wannan na cikin dalilan da Robusta mai ƙarancin mai ke bada kumfa mai tsayi, saboda haka yawan kumfa ba shaidar inganci bace.

Yanzu kafestol. A 1983 wani bincike a garin Tromso na ƙasar Norwe, inda mutane suka saba da dafaffiyar gahawa marar tacewa, ya nuna masu shanta da yawa kwalastarol ɗinsu yafi hawa. A shekarun 1990 masu bincike a Wageningen ta Holan suka tabbatar cewa kafestol da ke cikin man ne babban mai laifin, yana ɗaga kwalastarol marar kyau a jini. Kofi ɗaya na marar tacewa na iya ɗaukar miligiram 3 zuwa 4, esfireso ƙasa da haka, wadda ta bi ta takarda kuwa kusan babu. Wanda likita ya ce masa kwalastarol ɗinsa ya hau kuma yana shan kofi huɗu biyar a rana, ya koma takarda. Mai shan finjali ɗaya biyu jefi-jefi ba abin tada hankali bane. Gahawar gwangwani irin wadda mai shayi ke kaɗawa ita ma kusan babu kafestol a ciki, don man na zama a dusar da aka bari a masana'anta, har ma kamfanoni da yawa sukan tatso man gahawa su ɗan fesa a garin don ƙamshin da ke bugunka in ka ɓare murfin, shi ya sa bayan kwana kaɗan da buɗewa ƙamshin ke ɓacewa.

Hanya mafi sauri ta gane abin da harshenka yake so: dafa buta ɗaya ba tacewa, bar garin ya kwanta, zuba rabi kai tsaye, rabin kuma ka bi da shi ta takarda, ka ɗanɗana su gefe da gefe ba sukari ba madara, ka jira su ɗan huce don a nan bambancin yafi fitowa.

Mataki na bakwai: wanki

Akwai masu cewa butar gahawa ba a wanke ta da sabulu wai baƙin cikinta ne daɗin. Wannan baƙin tsohon mai ne da ya sha iska ya daskare, kuma duk sabuwar gahawar da ta bi ta kansa sai ta ɗebi rabonta na ɗaci da wari. Shafa yatsa a cikin butar ko filas ɗinka ka shinshina, zaka ji da kanka. Ruwa zalla baya cire mai, sai ruwan zafi da sabulun wanke-wanke marar turare, a ɗauraye sosai, sati-sati kuma a jiƙa da cokali ɗaya na bakin soda a ruwan zafi na rabin awa. Rariyar ƙarfe a goge ramukanta da buroshi. Ƙyallen tacewa shi yafi kowa saurin wari, a wanke shi nan take da ruwan zafi ba sabulu, a riƙa tafasa shi lokaci-lokaci, in ya fara wari duk da haka a canza. Injin niƙa na hannu a kwance shi a share da busasshen buroshi, ruwa kar ya taɓa haƙoran in na ƙarfe ne. Mazubin ajiya ma a wanke shi ya bushe ƙarau kafin a zuba sabuwar suya, kar a zuba sabuwa kan ragowar tsohuwa.